Tsofaffin Faya-fayen Sol da Fank: Kiɗan Ƙananan Makaɗa da ya Zama Abin Nema

Daga farkon shekarun 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1970, da wuya a sami birni a Amurka mai unguwannin baƙar fata wanda ba shi da ƙungiyoyin makaɗa na kansa, waɗanda sunansu bai taɓa ƙetare iyakar jiharsu ba. Kiɗan da suke yi iri biyu ne. Na farko shi ne sol, wanda ya samo asali daga waƙoƙin majami'un baƙar fata, ya kuma dogara ga ƙarfin murya da nuna abin da ke zuci. Na biyu shi ne fank, wanda James Brown ya yi wa jagoranci daga tsakiyar shekarun 1960, inda ganga da jita mai kaurin amo suke riƙe da ragamar waƙa, sauran kayan kiɗa kuma suna bin sawunsu.

Abin da waɗannan ƙungiyoyi suka bari a baya yawanci ƙaramin faifan garmaho ne mai faɗin inci 7, wanda ke juyawa sau 45 a minti guda, yana ɗauke da waƙa ɗaya a kowace fuska. Makaɗan ko wani ɗan kasuwa na unguwa su ne ke haɗa kuɗin ɗaukar murya, a buga ɗaruruwan faya-fayai, sannan a sayar da su a wuraren rawa da shagunan aski ko daga bayan mota. Tun da manyan kamfanoni ne ke riƙe da hanyoyin rarraba kaya da kunnen gidajen rediyo, waƙa tana iya tashe a garinsu ta kuma mutu a can, ko da kuwa ba ta gaza na kamfanonin Motown ko Stax daɗi ba. Kamfanin Capsoul, wanda mai gabatar da shirin rediyo Bill Moss ya kafa a Kolombas ta jihar Ohayo a 1970, misali ne na wannan hali, domin ya rushe cikin 'yan shekaru, daga baya kuma ambaliya ta lalata ainihin zaren da aka ɗauki waƙoƙinsa a kai.

Waɗanda suka fara farfaɗo da darajar irin wannan kaya matasan ma'aikata ne na arewacin Ingila, waɗanda suke kwana suna rawa a gidaje irin su Twisted Wheel a Mancesta da Wigan Casino, wanda ya gudanar da irin wannan taro daga 1973 zuwa 1981. Masu saka musu faifai sun riƙa gasa wajen samo waƙar da babu wanda ya sani, har wasunsu suna rufe takardar da ke tsakiyar faifan don kada abokan hamayya su gane sunan mawaƙin. Ta haka ƙarancin faifai ya zama ma'aunin farashinsa, abin da ya kai ga sayar da kwafi guda na waƙar Frank Wilson mai suna "Do I Love You" ta 1965 a kan fam 25,742 a 2009.

Hanya ta biyu ta ɓullo ne daga kiɗan hip-hop, inda masu haɗa kiɗa ke yanko ɗan gajeren sashe daga tsohon faifai, musamman wurin da ganga ke tafiya ita kaɗai, su maimaita shi ya zama harsashin sabuwar waƙa. Waƙar "Impeach the President" ta 1973, wadda Roy C ya ɗauka tare da ɗaliban sakandare na Kwins a Niyok, ta shiga ɗaruruwan waƙoƙi ta wannan hanya. Haka kuma bugun ganga na daƙiƙa shida zuwa bakwai da ke cikin "Amen, Brother", wadda ƙungiyar Winstons ta birnin Washinton ta saka a bayan faifanta a 1969, ya shiga dubban waƙoƙi, amma makaɗin gangar, Gregory Coleman, ya rasu a 2006 ba tare da ya sami ko kwabo daga wannan ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tun farkon wannan ƙarni wasu ƙananan kamfanoni sun ɗauki hanyar da ta fi adalci, wato neman makaɗan ko magadansu, a ƙulla yarjejeniya da su, sannan a sake buga waƙoƙin tare da tarihinsu. Kamfanin Numero na Shikago ya fara jerin faya-fayansa na sol da waƙoƙin Capsoul a 2004, kamfanin Now-Again kuma ya fito a 2006 da kiɗan ƙungiyar makarantar sakandare ta Kashmere da ke Histon, wadda malamin kiɗa Conrad Johnson ya horar. Wannan nema ya iso Najeriya, inda kiɗan ya yi tasiri ƙwarai a shekarun 1970, domin kamfanin Soundway na Ingila ya tattara waƙoƙin ƙungiyoyi irin su Funkees da Sahara All Stars ta Jos, kamfanin Luaka Bop kuma ya sake fito da waƙoƙin William Onyeabor na Inugu a 2013.

Tsadar da faifai ke yi a wurin gwanjo ba ta ƙara wa makaɗin da ya yi shi komai, tun da kuɗin yana tafiya ne daga hannun wani mai tara faya-fayai zuwa na wani. Sake bugawa bisa yarjejeniya ita ce ke mayar wa masu aikin sunansu da wani kaso na haƙƙinsu, kuma da yake yawancinsu sun manyanta ko sun riga mu gidan gaskiya, lokacin da ya rage na yin hakan da su da kansu kaɗan ne.