Babi na Bakwai: Zanen Liƙe-liƙe da Hoton Cikin Waƙa

Zanen liƙe-liƙe shi ne fasahar yayyanka takarda, ƙyalle, fata ko busasshen ganye, a manna su a kan kwali har su haɗu su ba da sura guda. Masana tarihin zane suna danganta shigarsa cikin zanen zamani ga Pablo Picasso da Georges Braque, waɗanda suka fara shi a Faransa a shekarar 1912, sai dai dabarar ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin tun da daɗewa dukawa suke yanka fata mai launi su ɗora a kan wata don ƙawata jaka da matashi.

Idan waƙa ce tushen aikin, abu biyu ake nema a cikinta. Na farko shi ne hoton zuci, wato surar da baiti yake sa mai sauraro ya gani a ransa, wadda yawanci takan zo ta hanyar kamantawa, inda ake gwada abu da wani, ko mutuntarwa, inda ake bai wa abin da ba mutum ba halin mutum. Na biyu shi ne yanayi, wato abin da waƙar take bari a zuciya na murna, bege ko alhini, kuma shi ne yake hukunta launin da za a zaɓa da yadda za a jera yankunan.

Ɗalibin da ke Kolere a garin Mubi, idan ya ɗauki waƙar da ke siffanta damina, kayan aikinsa suna kusa da shi. Guntayen shuɗiyar atamfa daga shagon tela za su iya zama hadari, ɓawon gyaɗa ya tsaya a matsayin duwatsun Mandara, yashin kogin Yedzaram kuma ya zama ƙasar da ke jiran ruwa. Takardar da aka yaga da hannu tana nuna tashin iska, wadda aka yanka da almakashi kuwa natsuwa take nunawa.

Ana jera yankunan tukuna, a yi ta sauya musu wuri ana maimaita karatun baitocin, sai an gamsu sannan a manna da ƙaro ko sitaci. Aikin ya yi nasara idan wanda bai taɓa jin waƙar ba ya dubi kwalin ya ji cewa ruwa na dab da sauka.