Jabun Yadi Ya Cinye Masaƙu, Yanzu Ya Doshi Marina

Ana ta murna suturar Afirka ta samu karɓuwa a duniya. Ana baje kolin ɗinki a Legas da Dakar, teloli ba sa runtsawa in salla ta matso, Kantin Kwari kuwa ba masaka tsinke. To amma yadin da ake yankawa ɗin, a ina aka saƙa shi? Galibin atamfar da ke jibge a shagunan Kwari daga Sin take zuwa, wata ta tashar ruwan Legas, wata ta Kwatano ta zagayo ta Nijar a shigo da ita ta ɓarauniyar hanya. Da yawa cikinta zanen wasu aka sata aka buga a kan yadi mara ƙwari, har da tambarin kamfanin da aka kwaikwaya a bakin zanen.

Mun riga mun ga ɓarnar da wannan ya yi. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, ta rufe a 2002. Masaƙar UNTL ta tsaya a 2007. Arewa Textiles ma ta rufe, haka Gaskiya a Kano. Gaskiya ne rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai sun riga sun kwantar da su, amma fasa-ƙwauri ne ya ƙarasa su. Dubban magidanta a Kakuri suka wayi gari ba aiki, wasu har suka rasu ba a biya su haƙƙinsu ba. Manoman auduga a Funtuwa da Gusau da Malumfashi, da suka rasa mai saye da daraja, suka koma masara da waken suya.

Yanzu wutar ta kai ga sana'ar hannu, kuma nan ne hankalina ya fi tashi. Marinar Ƙofar Mata da ke Kano tun 1498 ake lissafa ta. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar da tufafin birnin suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Dubi yadda aikin yake: marini zai haɗa baba da toka da kanwa a rijiyar rini, ya jira kwanaki ruwan ya nuna. Mata a cikin gida su ɗaure farin yadi da zare, ƙulli bayan ƙulli. A tsoma, a ɗaga ya sha iska, a sake tsomawa, sannan mabuga su dake shi har ya yi sheƙi. Duk wannan wahala, yau mutum ɗaya zai ɗauki hoton yadin a waya ya tura, kafin wata uku kwantena ta sauka da bugun inji mai kama da shi, a farashin da marini ko kuɗin kayan aiki ba zai fitar ba. Abin da ya fito da marinan Kano kan titi ke nan a 2015, suka kai kukansu fadar Sarki. Mai ɗinkin hula da ke shafe makonni a kan guda ɗaya shi ma inji ya sa shi a gaba.

Kada mu ɗora wa baƙo laifin duka. 'Yan kasuwarmu ne ke ɗaukar samfuri su kai Guangzhou su ce a yi musu mai sauƙin kuɗi. Mu ne kuma muke saye, a lefe, a anko, a kayan salla, alhali mun san araha ba ta ado.

Alhaji mai shago, ka ji tsoron Allah, ka daina sayar da jabu da sunan na asali. Wannan algus ne. Hajiya, in za ki sayi rini, juya bayansa: na marina ya ratsa ciki da waje, kuma ba za ki samu guda biyu iri ɗaya sak ba. Masu tsara ɗinki da ke cin suna da al'adarmu, ku je karofi ku ba da aiki, ku biya farashinsa. Hukumar kwastan da hukumar kula da ingancin kaya ta SON kuwa, dilolin yadi ba allura ba ne da za su wuce iyaka ba a gani ba.

Masaƙa in an samu jari da wuta ana iya tayar da ita. Amma marinin da ke gane nunar baba ta wari da kumfa, in ya rasu ɗansa na kan titi yana jan adaidaita sahu, babu kamfanin da za a yi wa odar wannan ilimi. Rijiyoyi da dama a Ƙofar Mata sun riga sun bushe, wasu sun cika da shara.