Hattara: takardar wata shida ba ta mai da mutum akitek

Da zarar lokacin cike fom ɗin JAMB ya ƙarato, sai tallace-tallace su cika Instagram da TikTok, ana yi wa matasa alkawarin mai da su akitek na cikin gini a wata uku ko shida. Yara masu basirar gyaran ɗaki, musamman 'yan mata, suna rububin biyan kuɗi, iyaye kuma suna murna an samu gajeriyar hanya. Gara a ja kunne tun ɓarnar ba ta yi nisa ba.

Zaɓen labule da kujeru da kalar fenti sana'a ce mai kyau, tana kawo kuɗi, kuma ana iya koyonta a 'yan watanni. Amma aikin akitek na cikin gini ya shafi lafiyar ginin da rayukan mazauna cikinsa. A ce mai gidan bene yana so a fasa bangon da ya raba falo da ɗakin cin abinci. Wanda ya yi karatun zai fara neman zanen gidan, ya duba ko bangon ne ke ɗauke da nauyin sama, ya kira injiniya kafin guduma ta taɓa bulo ko ɗaya. Wanda ya sayi takarda kuwa leburori zai sa su rushe, idan tsaga ta bayyana a shafe ta da fenti. Haka ake cusa wayoyin fitilu a bayan silin POP ba tare da bututu ba, ko a ƙawata ɗakin biki mai ɗaukar ɗaruruwan mutane a bar masa ƙofa ɗaya tilo. Ranar da wuta ta tashi, adon ba zai fitar da kowa ba.

Shi ya sa doka ta shigo. Tun 1969 aka kafa hukumar ARCON, kuma a Najeriya ba a yarda mutum ya kira kansa akitek ba sai da rajistarta. Sananniyar hanyar ita ce digirin farko a zanen gine-gine, shekara 4, ko 5 a jami'o'in fasaha, sai digiri na biyu, sai hidimar ƙasa, sai aiki a ƙarƙashin akitek mai rajista, sannan jarrabawar ƙwararru. ABU Zariya ce uwa a wannan fanni, akwai kuma BUK, da ATBU Bauchi, da Jami'ar Fasaha ta Minna, da Jami'ar Jos. Daga wannan tushe ne mutum ke iya karkata ya ƙware a tsara cikin gini.

A sabuwar manhajar da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta ƙaddamar a 2022 an ware tsara cikin gini a matsayin digiri mai zaman kansa. Sai dai shigar kwas cikin manhaja daban, bai wa wata jami'a izinin koyar da shi daban. Kafin a biya ko sisi, a duba ko NUC ta amince da wannan kwas a wannan jami'a, a kuma tambayi ARCON kai tsaye ko digirin zai kai mai shi ga rajista. Mai son bi ta kwalejin fasaha ma ya sani cewa difloma kaɗai ba ta ba shi sunan akitek, akwai sauran karatu a gaba.

Masu tunanin tsallaka iyaka don neman digirin sha-yanzu-magani-yanzu su tuna abin da ya faru. Ɗan jarida Umar Audu ya samo digiri a Kwatano ta Jamhuriyar Benin cikin mako 6, ya fallasa lamarin, sai gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024. Har waɗanda suka zauna suka yi karatun gaskiya sai da abin ya shafe su. Araha ba ta ado.

Shiri kuwa tun daga sakandare yake farawa. Wanda ba shi da kiredit a Turanci da lissafi da fiziks ba zai samu gurbi ba, komai kyan hannunsa a zane. Gurbin da bai bi ta tsarin CAPS na JAMB ba kuma matsala zai jawo a lokacin hidimar ƙasa. Iyaye su je makarantar da ƙafarsu, su ce a nuna musu ɗakin zane. Su ga teburan aiki, da kwamfutoci, da samfuran gine-gine na kwali da ɗalibai suka haɗa, su tambayi malamai nawa ne ke da rajista. Makarantar da ba ta da abin nunawa sai hotuna a waya ba wurin kai yaro ba ce.

Mai son kwalliyar ɗaki ya koye ta, ya tsaya inda iliminsa ya tsaya, kada ya taɓa bangon kowa. Mai son zama akitek kuma ya ɗaura ɗamarar shekaru. Wanda wannan gargaɗi ya isa gare shi ya isar wa na kusa da shi kafin a rufe cike fom.