Zaɓen balas na fitilar tururin zaiba

1. Aikin balas

Fitilar tururin zaiba, wadda ake kira lampe à vapeur de mercure da faransanci, ba a haɗa ta kai tsaye da layi. Da ta kama, sai ta yi ta jan kuran har ta lalace. Balas naɗin wayar tagulla ne bisa ƙarfe, shi ke ƙayyade kuran ɗin.

2. Ƙa'idodin zaɓe

a) Wat ɗin balas ya zo daidai da na ampul. Ampul mai wat 125 tana jan ampe 1,15. Mai 250, ampe 2,13. Mai 400, ampe 3,25.

b) Irinsa ya dace. Balas na fitilar sodiyam mai wat 250 yana sakin ampe 3, abin da ke rage ma ampul ɗin zaiba kwana.

c) Layin NIGELEC yana bisa hertz 50. Balas mai hertz 60, irin na Amurka, zafi yake ɗauka a nan.

3. Game da gurup

Mai haska fili da gurup a Gamu, cikin gundumar Gure, ya lura da gudun injin. In gudun ya ragu, hertz na raguwa, kuran ya ƙaru cikin balas. Zafin bazara, da ke wuce digiri 40, yana ƙara nauyin. Saboda haka a nemi balas mai alamar tw 130, a aza shi wurin da iska ke ratsawa.

Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa 2020 wa'adin daina ƙera waɗannan ampul domin haske na yau da kullum. In balas ya ƙone, a auna kuɗinsa da na fitilar LED kafin a saya.