Fashin baƙi: Yadda lambun makaranta ke zama aji ga yaran nasare

A yawancin makarantun renon yara a Najeriya, ɗan shekara huɗu kan shafe safiya a zaune yana maimaita haruffa da lambobi bayan malama. Alhali kuwa Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi cewa wasa ne babbar hanyar koyarwa a wannan mataki, kuma daga cikin burinta akwai cusa wa yaro son bincike ta hanyar lura da halittu da muhallinsa. Ɗan ƙaramin lambu a harabar makaranta na daga cikin hanyoyi mafiya arha na cika wannan buri.

Tunanin ya daɗe a fagen ilimi. A shekarar 1840 ne Friedrich Froebel, wani malami ɗan ƙasar Jamus, ya laƙaba wa makarantarsa da ke garin Bad Blankenburg sunan da ke nufin "lambun yara", wanda daga gare shi aka samo kalmar kindagatin. A tsarinsa kowane yaro na da ɗan fegin da yake kula da shi, ga kuma fili na kowa da kowa. A 1914 kuma Margaret McMillan da 'yar'uwarta Rachel suka buɗe makarantar reno ta sararin waje a unguwar Deptford da ke Landan, domin 'ya'yan talakawa su samu iska da abinci da wurin motsa jiki.

Abin da yaro ke koya a lambu yana da yawa. Idan aka ba shi ƙwayar wake uku ya zuba a kowane rami, ya yi ƙirge da hannunsa. Wake kan tsiro cikin ƙasa da mako guda, don haka yaro yakan ga sakamakon aikinsa tun bai manta da shi ba. Auna tsawon shuka da tsinke kowane mako na koya masa bambancin dogo da gajere. Yana kuma tara kalmomi kamar saiwa da tsiro da fure, yana ganin tana a cikin ƙasa da ƙudan zuma a kan fure. Jiran layin ban ruwa kuwa horo ne na haƙuri da zama da jama'a.

Fa'ida ta biyu ta shafi abinci. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Talauci ne babban dalili, amma sabo ma na da tasiri, domin yara a wannan shekaru kan ƙi abincin da ba su saba da shi ba, sai sun gan shi sun taɓa shi sau da dama. Yaron da ya shuka alayyahu ya tsinke shi da kansa ya fi saukin yarda ya ɗanɗana.

Shi ya sa amfanin gida ya fi dacewa da irin wannan lambu. A Arewa akwai zogale da rama da yakuwa da kuɓewa. A Kudu akwai ugu da ewedu, wanda Hausawa ke kira lalo. Dankali mai launin lemo a ciki na ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai taimaka wa gani da garkuwar jiki. Duk waɗannan sun saba da ƙasar, irinsu na samuwa a kasuwa, kuma uwa ta san yadda ake dafa su idan yaro ya kai gida.

Shirin Gwamnatin Tarayya na ciyar da ɗalibai da abincin gida, wanda aka ƙaddamar a 2016, an gina shi ne a kan irin wannan tunani: a sayi abinci daga manoman yanki, matan yankin su dafa. Sai dai an tsara shi ne domin 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare, ba 'yan nasare ba. Lambu ba zai cike wannan giɓi ba, domin 'yan kunyoyi ba sa ciyar da aji guda. Aikinsa shi ne ilimi da gyara sabon cin abinci tun da wuri.

Akwai matsaloli, amma kowace na da mafita. Makarantar da ba ta da fili na iya shuka a buhu ko tsohon bokiti. Shingen kara ko ƙaya na kare shuka daga awaki. Dogon hutu kan faɗo a tsakiyar damina, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, don haka ya dace a zaɓi abin da ke nuna da wuri kamar alayyahu, wanda ake fara tsinka cikin wata guda ko fiye kaɗan, ko ƙungiyar iyaye da malamai ta karɓi kulawa. A lokacin zafi a fita da sanyin safiya. Maganin ƙwari na kanti bai dace da wurin yara ba. Toka da jiƙon ganyen darbejiya sun fi aminci, sannan a wanke hannu da sabulu bayan aiki.

Babban abin lura shi ne manufa. A makarantu da dama cire ciyawa hukunci ne ga mai laifi, kuma wannan na sa yaro ya taso yana kallon noma a matsayin wahala. Lambun nasare na buƙatar ɗan lokaci kaɗan, da kayan aiki daidai hannun yaro, da malamar da ke yin tambaya tana sauraron amsa. Kwalejojin ilimi da ke horar da malaman ƙananan yara su ne wurin da ya kamata a fara koyar da wannan dabara, yayin da iyaye da kakanni manoma ke iya shigowa aji su nuna yadda ake shuka.