Yatsa da Batir: Tashin Ƙananan Jirage a Hunturun Kanada

A birnin Winifeg na ƙasar Kanada, sanyin watan Janairu yakan kai digiri 20 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas. Duk da haka, masu sha'awar ƙananan jiragen sama, waɗanda ake sarrafawa daga ƙasa da na'urar rediyo, sukan fita fili su tashe su. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, saboda haka takan fi tallafar fukafukai. Matsalar tana ga matuƙin da batirinsa.

Jikin ɗan Adam yana riƙe ɗuminsa a digiri 37. Da zarar sanyi ya bugi fata, sai hanyoyin jinin yatsu su tsuke, domin a tanada wa zuciya da ƙwaƙwalwa ɗumi. Idan ɗumin fatar yatsu ya sauka ƙasa da digiri 15, sai su sandare, alhali ɗan kuskure kaɗan ya isa ya ragargaza jirgi ko ya raunata ɗan kallo.

Batirin litiyam ma yana jin jiki, domin sanyi yana rage saurin haɗuwar sinadaran cikinsa, sai ƙarfinsa ya ƙare da wuri. Yi masa caji ƙasa da sifiri kuwa lalata shi yake yi.

Don haka gogaggun matuƙa sukan sa tufafin ulu rufi-rufi, su guji auduga mai riƙe gumi. Sukan cusa hannuwa da na'urar cikin jaka mai hana iska, su ajiye batir a wuri mai ɗumi, su kuma gajarta lokacin tashi. Wanda karkarwa ta kama, sai ya sauke jirginsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.