Mota Mai Injin Biyu: Za Ta Iya Da Hanyoyin Damagaram?

Tun da Nijeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, man ruwa-ruwa da ake sayarwa a kwalabe a bakin titunan Zinder ya daina araha. Sai kuma ga ƙarancin mai da ya addabi Nijar a watan Maris 2025, duk da matatar SORAZ da ke arewacin birnin, wadda aka buɗe a 2011. Wannan ya sa masu hali suka soma tambayar ko motar nan mai injin biyu, na fetur da na lantarki, za ta fisshe su.

Kamfanin Toyota ne ya fito da samfurin Prius a Japan a 1997. Hikimarta ita ce, duk lokacin da direba ya taka birki, batirinta na ƙara caji, sannan idan ana tafiya a hankali lantarki ne ke jan motar. Don haka mai zirga-zirga tsakanin Birni da Zango da kasuwar Dole zai ga sauƙin mai ƙwarai.

To amma doguwar tafiya fa? Wanda zai bi ta Tanut zuwa Agadas, ya haura duwatsun Abzin, sai ya yi lissafi. A doguwar hawa batirin kan yi ƙasa, ƙaramin injin fetur ya ɗauki nauyin shi kaɗai. A gangara kuwa da zarar batirin ya cika, dole direba ya sa giyar B don kada birki ya yi zafi. Ga shi cikin Prius dab yake da ƙasa, rairayi da duwatsu ba sa raga masa.

Babban abokin gabarta dai shi ne zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Damagaram kan haura digiri 40, ƙura kuma kan toshe fankar da ke sanyaya batirin. Galibin motocin da ake shigowa da su na hannu ne, batirinsu ya riga ya sha jiki, sabo kuma tsada gare shi.

Saboda haka kafin mai saye ya zuba kuɗinsa, ya sa a auna lafiyar batirin da kwamfuta, ya kuma tabbatar akwai makanikin da ya san aikinta a kusa. Ɗan cikin gari zai ci ribarta. Mai hawa dutse kuwa, Hilux ɗinsa ta fi masa rufin asiri.